Zaman bakin tabki: abin da Madarunfa ke samu ga ruwanta, da abin da take biya

A ƙasarmu garuruwan da ke kwana da ruwa su tashi da ruwa, rani da damana, ba su da yawa. Madarunfa tana cikinsu. Garin yana kudu da birnin Maradi, tafiyar kamar kilomita 25, kusa da iyakar Najeriya, kuma a bakin tabki yake zaune. Idan damana ta yi kyau, ruwan yakan mamaye filin da ya kai hekta 800. Idan rani ya yi nisa sai ya ja da baya ƙwarai, amma a yawancin shekaru ba ya ƙafewa. A shekarar 2006 Nijar ta sa tabkin, da gandun dajin da ke kusa da shi, da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta lissafa cikin kayan gadon duniya. A watan Disamba na 2019 kuma aka shigar da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda ke kare wuraren ruwa masu muhimmanci.

Mutumin tudu, wanda rijiyar garinsu ta kai gaba ashirin, in ya ji wannan sai ya ce mutanen Madarunfa sun huta. Akwai gaskiya cikin maganarsa, amma rabi ce. Ruwan da ke ba da kifi da garka da inuwa shi ne kuma ke rainon sauro da tsutsar tsargiya. Kowane lokaci na shekara da alherin da tabki ke kawowa, da kuma abin da yake karɓa. Abin da za mu faɗa game da Madarunfa ya shafi mazauna bakin sauran tabkuna, kamar Gidimuni a jahar Damagaram da Tabalak a jahar Tawa.

Yanayin wurin

Yankin Madarunfa yana cikin inda aka fi samun ruwan sama a jahar Maradi. A shekarar da ta yi daidai ana samun milimita 500 zuwa 600, daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. A Afirilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40. A Disamba da Janairu kuwa, da asuba, sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15, har masunta su hura wuta a bakin ruwa kafin su shiga.

Sau da yawa muna jin ana cewa garin bakin tabki ya fi sauran garuruwa sanyi. Ga yadda abin yake. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi kamar yashi. Da rana tsaka, yashi ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi, ruwa kuwa yana nan da sanyinsa, don haka iskar da ta ratso bisa tabki tana isowa gaɓa da ɗan sauƙi. Amma tabkin ƙarami ne, sanyinsa ba ya tafiya nesa. Wanda ke tsakiyar gari, cikin ɗakin kwano, zafin da yake sha bai bambanta da na mutumin Maradi ba. Sanyin da baƙo ke yabawa, mafi yawansa na itatuwa ne: kuka, tsamiya, kanya, gawo da bedi, waɗanda saiwarsu ke samun ruwa kusa. Inda aka sare su, tabki yana nan, sanyi ya tafi.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. A irin ƙasarmu, rana da iska suna shanye kusan mita 2 na zurfin ruwan da ke kwance a fili cikin shekara guda. Tabkin Madarunfa kuwa ba mai zurfi ba ne, ƴan mitoci kaɗan ne ko a tsakiyarsa. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Lokacin ɗari, lokacin hutawa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne zaman bakin tabki ya fi daɗi. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ruwa yana cike, rana ba ta da zafi. Inda ruwa ya janye ana bin danshi da shuka, a garake kuma ana ban ruwa ga tumatir, albasa, kabeji, salati, tattasai da zogala. Matashin da ke da ƴar garka yana da dalilin zama gida, ba sai ya tafi cin rani ba. Wannan, a ganinmu, shi ne babban alherin tabki, ya fi kifi.

A wannan lokaci ne kuma baƙi ke zuwa shan iska, musamman daga Maradi a ranakun hutu. Wasu su shiga jirgin masunta a zagaya da su, wasu su sayi kifi a soya musu nan take, wasu su zo ziyarar kaburbura. Mai son kallon tsuntsaye ya zo da sassafe: zai ga balbela da zalɓe da garken kirinjijiya, tare da tsuntsaye baƙi waɗanda ke gudo sanyin ƙasashen Turai, su yi watanni a nan su koma wajen Maris. Samari suna kokowa da langa a dandali, dattawa suna dara a gindin itace. Duk wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma lafiya ce ga jiki da zuciya.

Abu biyu kawai za mu tuna wa mai zuwa. Jirgin masunta an sassaƙa shi ne don mutum biyu ko uku da kayan su, ba don ɗaukar iyali duka ba. In masunci ya ce jirgi ya cika, ya cika, kada a roƙe shi ya ƙara yaro ɗaya. Na biyu, tun wajen 2018 ƙauyukan kudu, na kusa da iyaka da dajin Baban Rafi, sun sha fama da ƴan bindiga masu satar dabbobi da mutane. Baƙo ya tambayi mutanen gari kafin ya yi nisa, kuma ya komo kafin faɗuwar rana.

Cutar wannan lokaci ta iska ce. Ƙurar hunturu tana kawo tari da mura. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na faɗawa ciki, a kai shi likita ran nan, ba sai gobe ba.

Bazara da wankan tabki

Idan Maris ya shiga, zafi ya fara, yara ba su da wasan da ya wuce iyo. Daga an tashi makaranta sai bakin ruwa. Ba mu ga laifinsu ba: wa zai ga ruwa kwance a zafin digiri 42 ya kau da kai? Amma a nan ne tabki ke karɓar mafi tsadar kuɗinsa, wato tsargiya, cutar fitsarin jini.

Ya kamata mu fahimci yadda cutar ke yawo, domin wanda ya san hanyarta shi ke iya tare ta. Mai tsargiya yana fitar da ƙwan tsutsa cikin fitsarinsa. In ya yi fitsari cikin tabki ko a gaɓarsa, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin ruwa. Abin da ya fito ba ya iya shiga jikin mutum kai tsaye. Sai ya nemi wata ƴar ƙaramar katantanwa, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, mai zama cikin ciyawa da ganyen bado a inda ruwa ba zurfi. A cikinta yake girma ya yaɗu. Bayan mako huɗu zuwa shida, katantanwa guda ta fara sako ɗaruruwan ƴan tsutsotsi kowace rana, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko masunci, ko mai ɗiban ruwan garka. Ba sai an sha ruwan ba, kuma ba sai da rauni a jiki ba. Cikin jiki tsutsar tana girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Bayan kamar wata uku da shigarta, sai a fara ganin jini a ƙarshen fitsari.

Ga wani abin lura: ƴan tsutsotsin sun fi fitowa daga katantanwa da rana tsaka, daga hantsi zuwa azahar. Wato daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Kuma a bazara ruwa ya ragu, mutane da katantanwa sun taru wuri ɗaya.

Har yanzu a wasu garuruwa ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ga ɗa namiji, wasu kuma su ce zafin rana ne ko taka yashi mai zafi. Ba haka ba ne. Ciwo ne, kuma yana cin yaro a hankali: jininsa ya ragu, jikinsa ya yi sanyi, girmansa ya tsaya, karatu ya ƙi shiga. In aka bar shi shekaru yana iya lalata mafitsara da ƙoda. Ga mata abin ya fi ɓoyuwa. Ƙwan tsutsar yana iya zama cikin al'aura da mahaifa, ya kawo ciwon mara, da zubar jini, da wuyar samun ciki. Mace ta yi ta shan maganin sanyi ba sauƙi, alhali asalin ciwon daga wurin wanki ne. Matar da ke zaune bakin tabki, in tana da irin wannan damuwa, ta faɗa wa ungozoma ko malamin likita cewa tana shiga ruwa, domin su yi tunanin tsargiya.

Maganin yana nan, sunansa firazikantel. Sha ɗaya ake yi, kuma ana auna tsawon yaro da sanda a san yawan ƙwayoyin da za a ba shi. Tun 2004 Nijar ta fara rabon wannan magani ga ƴan makaranta a yankunan da cutar ta yi yawa. Wasu iyaye suna hana ƴaƴansu sha don yana sa jiri ko tashin zuciya. Wannan yana wucewa cikin ƴan awoyi, kuma yana raguwa ƙwarai in yaro ya ci abinci kafin ya sha. Ran da aka yi shelar rabo, a ba yaro fura ko tuwo ya ƙoshi kafin ya fita. A kuma tuna da yaran da ba su zuwa makarantar boko: almajirai, ƴan kiwo, ƴan mata masu talla da wanki. Su ne suka fi daɗewa cikin ruwa, su ne kuma rabo ya fi tsallakewa.

Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke cikin jiki ne kawai, ba ya hana wata shiga. Yaron da ya sha yau ya koma iyo gobe, zai sake kamuwa. To mene ne abin yi? Mu ce a hana yara tabki ɗungum, wannan magana ce da kowa ya san ba za ta yiwu ba. Abin da ke yiwuwa shi ne a rage. Ƴan tsutsotsin nan ba su wuce kwana biyu da rai in ba su sami jikin mutum ba. Saboda haka ruwan tabki da aka ɗebo aka ajiye a randa ko tano kwana biyu, ana iya wanka da wanki da shi ba tsoron tsargiya. Ruwan da aka ɗora bisa wuta ya yi zafi sosai shi ma haka. Ruwan rijiya da na famfo ba su da ita. Wanda dole ya shiga tabki, sassafe ya fi masa, ko da yake hatsarin bai gushe duka ba. A nisanci wurin ciyawa da bado, a kuma share ciyawar mashigar da mata ke wanki. Babban abu kuwa shi ne a koya wa yaro ya yi fitsarinsa a salga ko can nesa da gaɓa kafin ya shiga ruwa. In ƙwai bai kai ga ruwa ba, katantanwa ba ta da abin da za ta raina.

Damana

Da shamuwa ta iso, hadari ya fara haɗuwa, sai hankali ya koma gona. Tabki ya fara cika da ruwan sama da na Gulbin Gabi da Gulbin Maradi, waɗanda duka daga Najeriya suke gangarowa. Ƙasa ta yi kore, wurin ya yi kyan gani, amma lokacin sauro ne.

Mutane da yawa suna zaton cikin babban ruwa sauro ke haihuwa. A'a. Tsakiyar tabki akwai iska da igiyar ruwa da kifi masu cin ƴaƴansa. Sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ɗan ruwa mai kwanciya a rana: sawun shanu a laka, ramin da aka haƙa don tubali, ƴan kududdufan da tabki ke bari in yana janyewa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana goma ne ko ƙasa da haka. Shi ya sa a garin tudu zazzaɓi yakan yi sauƙi bayan kaka, a bakin tabki kuwa yakan ja har cikin ɗari. Mazaunin bakin ruwa kada ya naɗe sange don an daina ruwan sama.

Tun 2013 ake ba yara masu wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi a Nijar, wata-wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Kowane zagaye na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na ranar farko a gabansa, uwa ta ba da na sauran kwana biyu. Inda ake yin sakaci ke nan. Na kwana biyun ba na ajiya ba ne don ran da yaro ya yi zafi, kuma ba na rabawa da yayansa ba ne. In kuwa jikin yaro ya yi zafi duk da rigakafin, a kai shi a gwada jininsa cikin yini ɗaya.

Damana kuma tana wanke duk ƙazantar da ke bayan gari ta zuba cikin ruwa. A watan Yuli na 2018 annobar kwalara, wato zawo da amai, ta ɓulla a gundumar Madarunfa, kafin ta lafa ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar. Ruwan tabki ba na sha ba ne sai an tafasa shi ko an sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. Ajiyar kwana biyu da muka ambata tana maganin tsargiya ne, ba ta kashe ƙwayar kwalara. Ruwan sama ma ya canza hali: yanzu yakan zubo da yawa cikin ƴan awoyi. A damanar 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, kuma jahar Maradi tana cikin waɗanda suka fi yin asara. Mai neman filin gini a bakin tabki ya tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun cika. Filin da ya bushe a shekarun fari, kamar 1973 da 1984, ba tudu ba ne, ruwa ne ya ba da aronsa.

Yashi yana cin tabki

Mu komo ga lissafin da muka ce a riƙe. Rana da iska suna ɗaukar kusan mita 2 kowace shekara. Tabkin da zurfinsa ya wuce haka sosai zai kai wata damana da ruwa. Wanda yashi ya cike har zurfinsa ya ragu zuwa mita 2, zai zama fili a watan Mayu, ko da an yi ruwan sama kamar kullum. Kowace damana kuwa ƙoramu suna kwaso yashi da laka daga gonakin da ba su da itace ko ciyawa, su zube cikin tabki. Ba a ganin abin a shekara ɗaya. Sai dai masunci ya lura wurin da da yake tura jirgi da doguwar gora yanzu yaro yana tsayawa.

Ruwan da ke shigowa ma ba a hannunmu kaɗai yake ba. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar, ya sake komawa Najeriya. A 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka haɗa su, har da wannan. An kuma gina madatsar ruwa ta Jibiya a can sama, abin da ya canza yadda gulbin ke kawo ruwa. Wannan magana ce ta hukumomi. Maganar yashi kuwa ta manoma ce, kuma jahar Maradi ba baƙuwa ba ce ga maganinta. A nan ne aka fara sassaben zamani wajen 1983 da 1984: maimakon a sare duk tohon da ke gona a ƙone, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a bar su su girma. Gonar da ke da itace tana riƙe ƙasarta. Haka jerin duwatsu da ramukan rabin wata a gangare, da layin gamba a bakin ƙorama. Manomin da gonarsa ke nesa da tabki da tafiyar awa guda, yashinsa ma yana isowa. A bakin ruwa kuma a bar zobe na ciyawa da itace, kada garma ta kai har gaɓa.

Kifi ma yana da nasa masu cin amana. Karfasa da tarwaɗa suna hayayyafa ne lokacin da ruwa ke cika, cikin ciyawar gaɓa. Koma mai ƙananan idanu tana kwashe ƴaƴan kifi tun ba su kai tsawon yatsa ba. Mafi muni shi ne su da sangen da aka raba don kare yara: an hana yaro kariyarsa, an kuma kwashe kifin baɗi. Sarkin ruwa da ƙungiyar masunta da ma'aikatan ruwa da daji su ne ya kamata su tsayar da girman idon koma da lokacin hutun su, amma dokar ba ta aiki sai masunta da kansu sun yarda su tsare ta.

Saura maganin ƙwari. Garakan rani suna dab da ruwa, kuma da yawa daga maganin da ake saye a kasuwannin iyaka ba shi da takardar da ke faɗin yadda ake gauraya shi. Mai feshi ya gama, sai ya gangara ya wanke famfonsa cikin tabki, a inda shanu ke sha, mata ke wanki, yara ke iyo. Ɗan abin da ya rage cikin famfo ya isa ya kashe kifin wurin. A ɗebi ruwa a bokiti a hau tudu, a wanke famfo can nesa da gaɓa da rijiya, a zuba ruwan wankin cikin rami a rufe. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, don kada wani ya tsince ta ya zuba mai ko ruwan sha, sa'an nan a binne ta a wuri guda.